Sufayen Shaolin da Dabarun Faɗa na Sinawa

Abin nan da duniya ke kira kumfu, sunansa na ainihi a wurin Sinawa wushu ne, watau dabarun yaƙi. Kalmar kumfu kuwa ma'anarta gwanintar da mutum ya samu da naci, ko da ta maƙeri ce ko ta mai tuya.

Faɗan iri-iri ne. An san mutanen arewacin ƙasar da tsalle da harbi da ƙafa, na kudu kuwa su kan kafa ƙafafu ƙasa su yi aiki da hannu. Akwai kuma na sanyi, kamar taici, wanda aka ce ya fito daga ƙauyen zuriyar Chen cikin ƙarni na 17. Mai yinsa ba ya tarar ƙarfi da ƙarfi, sai ya kauce, ya bar abokin karawa ya kā da kansa.

Amma ba inda ya yi suna kamar Shaolin, wani gidan ibada na mabiya Buddha a gindin dutsen Song, cikin lardin Henan. Sarki Xiaowen ne ya gina shi a 495 domin wani sufi da ya zo daga Indiya. To, me ya haɗa masu gudun duniya da faɗa, alhali addininsu ya hana kisa? Dukiya ce. Sarakuna sun ba gidan gonaki masu yawa, gona kuwa sai da mai tsaro. A 621 wani mai neman sarauta, Wang Shichong, yana riƙe da ƙasarsu, sai sufayen suka goyi bayan Li Shimin, suka kama ɗan ɗan'uwan Wang. Li Shimin ya mayar musu da gonakinsu, daga baya kuma ya hau gadon sarauta. An sassaƙa labarin a jikin dutse a 728.

Ana yawan cewa wai wani sufi mai suna Bodhidharma shi ya koya musu faɗa tun cikin ƙarni na 6. Wannan tatsuniya ce, gama littafin da ake jingina masa bai bayyana ba sai ƙarni na 17. Abin mamaki ma, ba da dambe suka fara shahara ba, da sanda ne. A 1553 hukuma ta kira su, suka yaƙi 'yan fashin teku da suka addabi gaɓar ƙasar. Faɗan hannu sai bayan haka ya yi ƙarfi a cikinsu.

A 1928 wani madugun soja, Shi Yousan, ya sa wa gidan wuta, littattafai masu yawa suka ƙone. Gidan ya daɗe a lalace, sufaye kaɗan suka rage. Sai a 1982, da aka yi wani fim a can wanda Jet Li ya fito a ciki, samari suka yi ta kwarara zuwa Henan neman koyo, makarantun faɗa suka cika garin Dengfeng da ke kusa.