Karatun Jiragen Sama Daga Aboabo

Mazauna Aboabo da Sawaba ba sa buƙatar tikiti kafin su ga jirgi, domin filin jirgin Kumasi maƙwabcinsu ne. Sai dai gani daban, ganewa daban. Sanin jirgi daga siffarsa ilimi ne da ya bunƙasa a yaƙin duniya na biyu, lokacin da kuskuren bambance na abokan gaba da na gida kan jawo asarar rayuka. A Ingila aka riƙa buga ƙananan littattafai masu shiga aljihu, ɗauke da inuwar kowane jirgi ta gaba, ta gefe da ta ƙasa. Bayan yaƙi sai suka zama abin sha'awar fararen hula.

Yaƙin nan ne ya samar da filin Kumasi a 1943. Tun 1940 Turawan Ingila ke harhaɗa jiragen Hurricane da Blenheim a Takoradi, su tashi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartoum har Alƙahira. Wanda ya san tarihin Zango zai gane hanyar: daga Kano zuwa Sudan ita ce wadda alhazan da suka gabace mu suka taka da ƙafa, wasu shekara da shekaru kafin su ga Makka.

Ƙa'idar littattafan ba ta da wuya. A duba inda fukafukai suke, a ƙirga injuna, a lura da wutsiya, sannan a karanta lambar jiki: 9G ta Gana ce, 5N Nijeriya, 5U Nijar, HZ Saudiyya. Yau idan ka ga mai farfela biyu da fukafukai a saman gangar jiki, Dash 8 ne irin na PassionAir. Siriri mai injuna biyu a ƙugu kuwa Embraer 145 ne na Africa World Airlines, wanda ya fara jigila a 2012.

Da wannan ma'auni ake karanta tarihin ƙasa. Ghana Airways, da aka kafa a 1958 zamanin Nkrumah, ya mallaki Ilyushin 18 na Tarayyar Sobiyet mai farfela huɗu, da VC10 na Ingila mai injuna huɗu a baya, shaidar ƙasar da ta ƙi jingina da ɓangare guda. Daga baya DC-10 ya zo, mai inji na uku a gindin wutsiya. Bashi ya durƙusar da kamfanin a 2004, magajinsa Ghana International Airlines ma ya tsaya a 2010.

A 2024 aka buɗe sabon ginin filin da sunan Prempeh na Ɗaya, da matsayin ƙasa da ƙasa. Gini ya samu. Yaron Aboabo da ya iya karanta lambar jirgi shi ne zai fara tambayar hukuma: manyan jiragen da za su sauka nan, na wa ne?