Daga Kuturta zuwa Kanjamau a Ƙasar Yawuri

Tun kafin zuwan Turawa kuturu yana da gurbinsa a garuruwan Hausa. Ana ƙyamarsa, ba a haɗa ƙwarya da shi, amma fa yana da shugabansa, watau Sarkin Kutare, yana kuma da rabonsa na sadaka. A zamanin Lardin Sakkwato, wanda Yawuri take ciki, 'yan mishan suka buɗe mazaunin kutare a Amanawa. Da maganin dapson ya bazu cikin shekarun 1950, sai aka koma ba da shi a ɗakunan shan magani na karkara, majinyaci yana zaune gidansa.

Kanjamau ba ta sami irin wannan gurbi ba. An fara tabbatar da ita a Nijeriya cikin 1986, shekara 18 bayan tafkin Kainji ya tayar da mutum wajen 44,000, har da Gungawan tsibirai, aka zaunar da su a sababbin ƙauyukan gaɓa, inda kowa ya san asalin kowa. Ita kuwa cuta ce marar alama da fari, ga shi an jingina ta da zina. Saboda haka mai ita ba shi da sarki, ba shi da sadaka, sai ɓoyo.

A ganinmu nan nauyin yake. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ya nuna ciwon damuwa ya fi yawa ga masu ɗauke da ita, yana kuma sa su yanke shan magani. Dokar 2014 ta hana tsangwamarsu, amma ba ta kai ga zuciyar matar Ngaski ko Shanga da ke ɓoye ƙwayoyinta ga kishiyarta ba.