TARIHIN AUNA AIDIN A JIKIN ƊAN'ADAM: DAGA CIWON MAƘOƘO ZUWA HASKEN EKSIRE

Tun kafin zuwan likitan Turawa mutanen ƙasar Katsina sun san maƙoƙo, watau kumburin nan da kan fito a gaban wuya, galibi ga mata. Abin da ya ɓoye musu shi ne dalilinsa, kuma ba su kaɗai ya ɓoye wa ba, gama mazauna tsaunukan Suwizalan sun yi ɗaruruwan shekaru cikin wannan duhu. Dalilin kuwa ƙarancin wani sinadari ne wanda abin da baligi yake bukata daga gare shi a yini bai wuce maikurogiram 150 ba. Shi ne aidin, wanda jama'a suka fi sani a matsayin jan maganin da ake shafa wa rauni.

Aidin ɗaya ne daga cikin dangin da masana ke kira halojin, ma'ana masu haifar da gishiri; 'yan'uwansa su ne fulorin da kulorin da buromin. Teku ce taskarsa. Ƙasa irin ta Dutsin-Ma da Kurfi, wadda ke zaune bisa tsohon dutse, nesa ƙwarai da gaɓar teku, ba wurin da za a sa rai da yawansa ba ne a ruwa ko a hatsi. Gishirin da ayarin Azbinawa suka riƙa kawowa daga Bilma, beza da kantu, ba wanda ya ƙara masa kome. Har wa yau binciken da aka yi a Darfur ta ƙasar Sudan ya nuna gero yana da wasu sinadarai masu hana jiki cin moriyar ɗan aidin ɗin da ya samu.

Bernard Courtois ne ya gano aidin a tokar ciyawar teku a Faransa cikin 1811. A 1820 likita Coindet na Janeba ya fara bai wa masu maƙoƙo shi, ya ga kumburi yana sacewa, alhali bai san yadda abin ke aukuwa ba. Sai a 1895 Eugen Baumann na Jamus ya tabbatar da cewa aidin yana taruwa a tairod, wato tsokar nan mai siffar malam-buɗe-littafi da ke manne da maƙogwaro. Amma awon wancan zamani na ɓarna ne: sai an ƙone naman ko an narkar da shi. Akan san yawan aidin, ba a sanin inda ya zauna.

A shekarar nan ta 1895 Röntgen ya gano hasken eksire. Cikin 1913 Henry Moseley ya nuna a Ingila cewa kowane sinadari, in an buge shi, yakan fitar da eksire mai ƙarfi irin nasa shi kaɗai, kamar yadda ake gane mutum da muryarsa ko yana bayan danga. Raimond Castaing ya mai da wannan ilmi na'ura a Faris cikin 1951: akan tattara ilektiron su zama tsini, a ɗora bisa wurin da bai kai kaurin gashi ba, sa'an nan a karanta hasken da ya fito.

Domin ƙarfe aka ƙera na'urar, nama kuwa ya ba ta wuya. Kulorin da aidin da ba su ɗaure da kome ba sukan bi ruwa, saboda haka ruwan maganin da ake jiƙa nama a ciki kafin a yanka shi yakan kwashe ainihin abin da ake nema. Dole aka koma daskarar da naman farat ɗaya, a yanka shi yana ƙanƙara. Ga shi kuma tsinin ilektiron kan ƙone samfurin, halojin ya gudu ana cikin awo. Sa'an nan muryoyi kan haɗu: ta buromin kusan ɗaya take da ta alminiyam, ta aidin kuma maƙwabciyar ta kalsiyam ce. Theodore Hall na Kambirij ne ya tsara lissafin da ya sa aka iya faɗin adadi a siraran yankan nama. Da haka aka iya auna aidin a cikin 'yan jakunkunan da tairod ke ajiyarsa, jaka bayan jaka.

Maganin kansa bai jira na'ura ba. Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, Amurka a 1924. Nijeriya ta yi jinkiri ƙwarai, sai a 1993 ta wajabta shi, ko da yake daga baya ita ce ta fara samun shaidar cika wannan aiki a Afirka. A 2004 aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ake iya auna aidin da buromin da kulorin ta wata hanyar dabam.

Saura fulorin. Ruwan da ya daɗe cikin dutse yakan ɗauko shi, in ya yi yawa ya rina haƙora, kamar yadda aka gani a Langtang ta Jihar Filato. Shi ne kuma ya fi wuyar awo, domin haskensa rarrauna ne, tagar tsofaffin na'urori takan shanye yawancinsa. Rijiyoyin burtsatsen Kurfi da Dutsin-Ma cikin irin wannan dutse ake haƙa su, kuma tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, kusa da bakin rijiyoyin.