Daga bakin wa aka ji? Tarihin ambaton madogara a ƙasashen Tasawa da Mayahi

A zauren malamai na ƙasar Hausa, idan almajiri ya kawo wata magana ta ilimi, tambayar farko da ake yi masa ita ce: a wane littafi ka gani, ko kuwa daga bakin wa ka ji? Wannan tambaya ta girmi lakkwal, ta girmi jami'a, ta kuma girmi na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ita ce tushen abin da manazarta ke kira ambaton madogara, wato marubuci ya bayyana inda ya ɗebo kowace magana, domin mai karatu ya iya komawa can ya gani da idonsa. Tarihin Tasawa da Mayahi ya nuna yadda wannan al'ada ta sauya kama har sau uku, da kuma abin da ake asara duk lokacin da aka yi sakaci da ita.

Kamar farko ita ce ta malaman zaure. Su kan riƙe salsalar karatunsu, wane daga wane, har zuwa ga mawallafin littafin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tara salsalolinsa a cikin Asanid al-Faƙir, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta Ida'un Nusukh a 1812, inda ya jera malaman da ya yi karatu a gabansu da littattafan da ya sauke a hannun kowannensu. Malaminsu Jibrilu ɗan Umaru ya karɓo ijaza a Alƙahira daga Murtala Zabidi, saboda haka almajirin da ke zaune bisa buzu a ƙasar Hausa yana iya bin sawun karatunsa har Masar. Masu kwafar littattafai su ma sukan rubuta sunansu a shafin ƙarshe, wani lokaci har da ranar gamawa da sunan wanda aka kwafa domin shi. A fada kuwa, maroƙa da makaɗa da dattawan gidan sarauta ne ke riƙe da jerin sarakuna, kuma kowa ya san gidan da labari ya fito.

Tasawa tana da buƙatar irin wannan tsantseni fiye da wurare da yawa. Gari ne na tsohuwar ƙasar Katsina, kuma bayan jihadin da ya fara a 1804, zuriyar sarakunan Katsina da suka rasa birninsu sun yo arewa, suka kafa mulki a Maraɗi. Daga nan labarin yankin ya kasu: akwai yadda ake ba da shi a Katsina da Sakkwato, akwai yadda ake ba da shi a Maraɗi da Tasawa da Gazawa. Wanda ya rubuta cewa "tarihi ya nuna" ba tare da faɗar tarihin wane gida ba, ya ɗauki ɓangare ke nan ko da bai sani ba.

Kama ta biyu ta zo da Turawa. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka Tasawa bisa hanyarsa daga Abzin zuwa Katsina da Kano. Littafin tafiyarsa ya fito a 1857 da 1858 cikin juzu'i biyar, da Jamusanci da Ingilishi, aka kuma buga shi a Amurka cikin juzu'i uku, aka sake bugawa a Landan a 1965. Lambobin shafuka sun bambanta daga bugu zuwa bugu. Don haka ɗalibin da ya rubuta sunan Barth da lambar shafi kawai, bai faɗi bugun da ya duba ba, ya aiki mai karatunsa kasuwa ba tare da sunan rumfa ba. Marigayi Yusufu Bala Usman, mawallafin littafin tarihin Katsina na 1981, ya ƙara wani darasi a nazarin da ya yi kan zaman Barth a Katsina: bayan an san wanda ya faɗi magana, sai a tambayi wa ya ba shi masauki, wa ya yi masa tafinta, me kuma ya kawo shi.

Abin da ya auku a 1899 ya fi kowane misali nauyi. Rundunar Voulet da Chanoine, bayan ta ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Kwara, ta iso ƙasar Tasawa. A ranar 14 ga Yuli aka harbe Kanal Klobb a Ɗankori bisa umurnin Voulet, kwanaki kaɗan bayan haka kuma sojojin rundunar suka kashe jagororin nasu biyu a wajejen Maijirgi. Mafi yawan abin da aka rubuta kan waɗannan kwanaki ya fito ne daga alƙalamin hafsoshin Faransa, kamar Joalland, wanda yake cikin rundunar kuma bai buga littafinsa ba sai a 1930. Littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, ƙagaggen labari ne da aka gina bisa tarihi, amma sau da yawa ana ambatonsa kamar shaidar wanda ya gani. Jikokin mutanen da aka ƙone wa gidaje suna da nasu bayanin, sai dai idan ba a rubuta shi da sunan mai faɗa da garinsa da ranar hira ba, takardar hafsa ce za ta ci gaba da rinjaye a gaban masana.

Tawagar Tilho, wadda ta yi aikin shata iyaka daga 1906 zuwa 1909, ta tattara labaran sarautu ta hannun tafintanta Landeroin, aka buga su a Faransa a 1911. Bayan samun ƴancin kai a 1960, jerin littattafan Études Nigériennes ya fitar da binciken Philippe David kan Maraɗi a 1964 da na André Salifou kan Damagaram a 1971. A Yamai an kafa cibiyar tattara adabin baka a 1968, wadda ake kira CELHTO, Boubou Hama kuma ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda suka zama harsashin taskar cibiyar IRSH. Ta haka madogaran tarihin Tasawa da na kwarin Gulbin Kaba, inda Mayahi take, suka warwatsu tsakanin Yamai da Dakar da Aix-en-Provence da Kaduna da Zariya, cikin harsuna biyar: Hausa, Larabci, Faransanci, Ingilishi da Jamusanci. A zamanin, makamin mai bincike shi ne akwatin ƙananan katuna, kati ɗaya ga littafi ɗaya, abin da gara ko ruwan damina ke iya gamawa da shi a dare guda.

Kama ta uku ita ce ta na'ura. A 1985 Oren Patashnik ya fito da tsarin BibTeX, wanda ya raba adana bayanin littafi da yadda za a jera shi a ƙarshen rubutu. A 2003 aka fara manhajar JabRef bisa wannan tsari, sannan a 2006 wata cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar George Mason a Amurka ta fitar da Zotero. Dukansu kyauta ne, kuma tushen ginin su a buɗe yake ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Ana shigar da bayanin littafi sau ɗaya, sunan mawallafi, take, wurin bugu, maɗaba'a da shekara, sai manhaja ta jera shi bisa salon da jami'a ko mujalla ta nema. Zotero tana aiki ko babu intanet, tana karɓar haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, tana kuma da gurbi na musamman domin hira da rubutun hannu da sautin da aka naɗa. Ke nan dattijon Kanembakashe ko na Korgom yana samun layinsa a cikin jeri ɗaya da Barth.

Amma na'ura ba ta warware komai da kanta ba. Tsofaffin littattafan Nijar da kundayen kammala karatu ba su da lambobin da manhaja ke amfani da su wajen ɗauko bayani kai tsaye, dole a shigar da su da hannu. Sunan gari ɗaya yana zuwa da siffa uku, Tasawa, Tessaoua, Tessawa, haka ma Maijirgi da Maïjirgui, wanda ya nemi ɗaya zai rasa sauran idan ba a haɗa su da alama ɗaya ba. Sunayen mutane ma haka: tsarin Turawa na sunan dangi da sunan yanka bai dace da Ɗan Baskore ko Abdullahi ɗan Fodiyo ba, shi ya sa ya fi kyau a shigar da irin waɗannan a gurbi guda ba tare da juya su ba. Takardun da suka fito kafin sauyin 2002 kuma suna kiran Maraɗi da sunan da yau ake kiran gundumomin Tasawa da Mayahi da shi, abin da kan rikita ɗalibi.

Tun da aka buɗe Jami'ar Maraɗi a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ƴaƴan yankin da ke rubuta kundaye sun ƙaru. Malaman kwaleji da na lise su ne ke fara koya musu faɗar inda suka ɗauko magana, ƙungiyoyin raya al'adu kuma su ne ke da hanyar shiga zaurukan dattawa. Idan ɓangarorin biyu suka haɗa taskar madogara guda, suka sa wa kowace hira sunan mai bayani da yardarsa, da garinsa da sana'arsa da ranar da aka yi ta da wurin da aka ajiye sautin, to wanda zai rubuta tarihin Tasawa da Mayahi nan gaba zai tarar da salsala a shirye, irin wadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar wa almajiransa.