Bindigar iska da mutanen da ke tara ta

Jama'a, a wannan zamani da kalmar "ɗan bindiga" ke sa gaban mutum ya faɗi a Arewa, na san wasu za su yi mamaki in na ce akwai mutane a Turai da Amurka da suka ƙarar da shekarunsu da dukiyarsu wajen tara bindigogin da ko albarushi ba sa ci. Bindigar iska nake nufi, wadda wasu ke kira ta harbin tsuntsaye. Matsattsiyar iska ce ke tura ɗan harsashin dalma, ba wuta ba hayaƙi. Kada a raina ta fa, don ko a dokar makamai ta Najeriya sai da lasisi ake riƙe ta.

Abin ya tsufa fiye da yadda ake zato. A gidan adana makaman sarauta na Stockholm akwai wata da aka ƙera wajen 1580, mai aiki da zugazugi irin na maƙera. Amma wadda ta fi suna ita ce ta Bartolomeo Girardoni, wadda sojojin Ostiriya ta Turai suka riƙe daga 1780 zuwa wajen 1815. Tana ɗaukar harsashi kusan 20 a zamanin da soja ke ɗura guda ɗaya ta bakin bindiga, ya harba, ya sake ɗurawa. Matsalarta ita ce tulun iskar da ke gindinta: sai an yi bugun famfo wajen 1,500 kafin ya cika, ga shi da wuyar ƙerawa, ga saurin yoyo. Sojoji suka gaji suka ajiye ta. Gwamnati kuwa in ta gama da kaya ba ta cika waiwayarsa ba. Kaɗan ne suka tsira, a gidajen tarihi da hannun masu tarawa.

To su wane ne masu tarawar? Mafi yawansu ba tarihi ya dame su ba, yarintarsu suke nema. A Amurka sunan da ke motsa irin waɗannan shi ne Daisy. Kamfanin ya fara ne a garin Plymouth na jihar Michigan yana ƙera injin jawo ruwa mai aiki da iska. A ƙarshen shekarun 1880 ya soma ba manoma 'yar bindiga a matsayin gyara in sun sayi injin. Sai gyara ta fi hajar farin jini, har a 1895 kamfanin ya koma sunan bindigar. A 1940 ya fitar da samfurin Red Ryder, wanda yara ba iyaka suka taso da shi. Dattijon da ya biya kuɗi mai kauri a kan tsohuwar Red Ryder a yau, wallahi ba ƙarfe ya saya ba, ranar da mahaifinsa ya miƙa masa irinta ya saya. Ko ranar da aka hana shi.

Akwai kuma masu cike gurbi. Wannan zai zaɓi kamfani guda, a ce BSA na Birmingham da ya fara fitar da samfurin Lincoln Jeffries a 1905, ko Webley da ƙaramar bindigarsa ta hannu ta 1924, ya ce sai ya mallaki kowane samfuri da kowane ɗan canji da aka yi wa kunama ko tambari. In ka zauna da shi sai ya gundure ka da lambobi. Amma shi ne zai warware maka abin da ya faru da Diana ta Jamus, wadda aka kafa a Rastatt a 1890. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe injinanta, sunan ya koma hannun kamfanin Milbro a Sikotland, har ya zama masu asalin sunan suna sayar da nasu kaya a Ingila da tambarin "Original", sai a shekarun 1980 suka dawo da sunansu. Ka ga, a jikin 'yar bindigar harbin kurciya an rubuta wanda ya ci yaƙi da wanda aka ci.

Nan ne nake jin kishi, gaskiya. Harba-ka-ruga nawa maƙeranmu suka ƙera da ba a san sunan maƙerin ba, balle shekarar? Muna jin ƙararsu a hawan sallah, hayaƙi ya tashi, shi ke nan.

Masu neman riba ba sai na daɗe a kansu ba. Su dai a samu wadda ba a taɓa harbawa ba, cikin kwalinta na asali, a kulle a jira gwanjo. Tsakaninsu da masu gyara kuma ba a ga maciji, domin mai gyara zai kankare tsatsa ya sake fenti ya canja fata don ta yi harbi kamar sabuwa, shi kuwa ɗan kasuwa a wurinsa an kashe rabin kuɗin. A wannan rigimar ina bayan wanda ya bar tabon yadda yake, kuma ga dalilina.

A 1804 shugaban Amurka Thomas Jefferson ya tura Meriwether Lewis da William Clark su ratsa ƙasar har Tekun Fasifik, suka dawo a 1806. Lewis ya tafi da bindigar iska, kuma littafin tafiyarsu ya ambace ta sau da yawa, domin yakan harba ta a gaban ƙabilun asali da suka tarar don ya ba su mamaki, ko mu faɗi gaskiya, don ya tsorata su. Tun kafin tafiyar ta kankama, a 1803 kusa da Pittsburgh, wani da aka ba ya duba ta ya harba bisa kuskure, harsashin ya gogi kan wata mata, Allah ya sa da sauran kwananta. Sai dai littafin bai faɗi wace iri ce ba.

Shekara da shekaru an yarda cewa wadda Isaiah Lukens, mai ƙera agogo a Filadelfiya, ya yi ce, saboda takardar gwanjon kayansa ta 1847 ta lissafa bindigar iska da aka ce Lewis da Clark sun yi tafiya da ita. Wata bindigar Lukens mai cin harsashi ɗaya tana gidan tarihin kwalejin soja ta Virginia, kuma ita aka daɗe ana nunawa. Sai aka buga littafin tafiyar wani mai suna Thomas Rodney, wanda ya haɗu da Lewis a Wheeling a 1803, ya rubuta cewa bindigar tana harbi 22 a ɗuri guda. Mai cin harsashi ɗaya ba ta yin haka. Irin ta Girardoni ce ke yi.

A nan Robert Beeman ya shigo. Farfesan ilimin halittu ne a San Francisco da ya koma cinikin bindigogin iska, ya tara ɗaya daga cikin manyan tarin da aka sani. A cikin kayansa akwai Girardoni guda. Da maƙerin bindiga Ernest Cowan ya kwance ta don ya ƙera kwafinta, sai ya tarar an taɓa canja mata babban sifirin da wani na aikin hannu, irin gyaran da ake yi a daji. Littafin Lewis kuwa ya ce a watan Yuni na 1805 maƙerin tawagar, John Shields, ya gyara sifirin bindigar. Da wani mai son ƙyalli ya riga ya cire wannan mummunan sifirin ya sa sabo, da maganar ta mutu tun ba a fara ta ba.

Amma kada mu yi saurin tafawa. Mutumin da ya fi kowa rubutu a kan cewa wannan ita ce bindigar Lewis shi ne mai ita, kuma kowa ya san abin da irin wannan labari ke yi wa farashin kaya. Sifiri ba ya ɗauke da sa hannu, kuma ba bindiga ɗaya ce aka taɓa gyarawa a daji ba. Wannan ce cutar mai tara kaya don tarihi: idonsa ya fi na kowa gani, zuciyarsa kuma ta riga ta zaɓi amsa. Kasuwar cike take da irin haka. Har gobe dillalai na ba da labarin wai Napoleon ya yi umarnin kashe duk sojan da aka kama da bindigar iska, alhali masana ba su sami takardar umarnin ba.

Abu biyu ne suka sa nake ɗaga wa Beeman ƙafa. Shi kansa a da yana cikin masu goyon bayan ta Lukens, daga baya ya sauya ra'ayi. Sannan bai kai tasa gwanjo ba, kyauta ya ba da ita ga cibiyar tarihin sojan Amurka da ke Carlisle a jihar Pennsylvania. Ta Lukens kuma tana nan a Virginia, kuma har yanzu tana da masu kare ta.