Makin JAMB da Samun Gurbin Karatu a Manyan Makarantu: Nazari a Kan Masarautar Daura

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai na hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, ta auna su da halin ɗaliban Masarautar Daura. Ta nuna cewa kason da ake warewa jihohi ba ya bambance ɗan birni da ɗan ƙauye a cikin jiha guda.

Gabatarwa

An kafa JAMB a 1978. A 2010 ta haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta kwalejoji, tun 2015 kuma da kwamfuta kaɗai ake rubutawa. Ɗalibi na amsa darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu, jimillar maki 400. Batun ya ƙara shafar ƙasar Daura tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, sannan Jami'ar Sufuri ta Tarayya ta biyo baya.

Matsayin Maki

Maki ƙofar farko ce kawai. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma na kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, amma kowace makaranta na da ikon ɗaga nata. Bayan haka, don shiga jami'a ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, sai tantancewar makarantar. Jami'o'in tarayya na raba gurabe uku: kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Katsina, jihar da Daura take, na cikinsu.

Tattaunawa

A nan gizo ke saƙar. Jiha ƙa'idar take gani, ba ta ganin ƙaramar hukuma. Yaron da ya gama sakandare a ƙauyen Baure, Zango, Sandamu ko Mai'aduwa da ke masarautar, kaso ɗaya yake nema da ɗan makarantar kuɗi a birnin Katsina. Idan makarantarsa ba lantarki, ba ɗakin kwamfuta, ba malamin Turanci tsayayye, makinsa ya auna ƙwazonsa tare da rashin da ya tashi a ciki. A sakamakon farko na 2025, sama da ɗalibai miliyan 1.5 cikin fiye da miliyan 1.9 ba su kai 200 ba a faɗin ƙasa. Inda gasa ta taru a ƙasan ma'auni haka, tazarar maki kaɗan ke raba mai shiga da mai zaman gida.

Kammalawa

Rage maki ba magani ba ne, domin wanda ya shiga ba shiri a aji zai sha wuya. Maƙalar na ba da shawarar makarantu su riƙa bayyana adadin ɗaliban da suka ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, gwamnatin jiha kuma ta koya wa ɗaliban sakandaren karkara aiki da kwamfuta tun kafin ajin ƙarshe. In ba haka ba, gine-ginen za su tsaya a Daura, 'ya'yan ƙauyukanta kuwa suna kallo daga waje.