Barka

Daga Larabci muka aro ta, baraka. Har sau biyu ma ta shigo Hausa: albarka ta riƙe ma'anarta ta asali, barka kuwa ta koma gaisuwa.

A Turawa ta ƙasar Ƙaraye, idan mace ta sauka, mata kan yi ta shiga barka kafin ranar suna, wata da sabulu, wata da 'yan kuɗi, wata da fatar baki kawai. Mai gida kuwa a waje maza ke tare shi: "Barka, Allah ya raya." Wanda ya tsira daga hatsari a hanyar Rogo ma "barka da arziki" zai sha. A gidan rasuwa ta'aziyya ake yi, ana "ya haƙuri?" Gobara ko sata kuwa sai jaje.